Ranar da Duna Ya Sauke Ƙafafunsa

Abubuwa da yawa sun faru da ni ina saurayi waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tuna su. Amma abin da na gani a ƙofar gidanmu a Batsari, ranar da Gwaggo ta fita takaba, ba na jin zai bar kaina har ƙarshen rayuwata. Kare ne ya yi shi. Na san wani zai yi mamakin a ce mutum ya zauna ya rubuta labarin kare. Ni ma da a ce kafin shekarar nan aka gaya mini zan yi, da na musa.

Lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran sakamakon jarrabawa. Ni mutum ne mai kunya tun ina ƙarami, kunyar da har takan ba mutanen gidanmu haushi. Ba na iya kallon babba a ido, idan kuma na ji baƙi a zaure sai in koma ciki in jira su tashi. Wurin zamana guda ne: sararin da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda akwai bishiyar bedi da turakun awaki. Nan nake shimfiɗa buhu in buɗe duk littafin da na samu aro, in wuni ba wanda ya ji muryata.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Tana aure a wani ƙauye kusa da Runka, a ƙasar Safana. Farkon daminar shekarar nan mijinta ya tafi gona da safe da karensa, 'yan bindiga suka biyo ta wurin a kan babura suka harbe shi. Karen ne ya dawo gida shi kaɗai. Ƙauyen ya watse bayan haka, 'ya'yan Gwaggo kuwa duk mata ne suna gidajen aurensu, don haka Baba ya aika aka ɗauko ta ta ƙarasa takabarta a wurinmu. Ina tsaye akori-kurar da ta kawo ta ta tsaya. Aka sauke ƙullin kaya da tabarma da tukwane, sai kuma baƙin kare babba, siriri, mai farin tabo a ƙirji, ya diro yana waige-waige. Sunansa Duna. Ba kwikwiyo ba ne, har gashin bakinsa ya fara fari.

Baba bai so ba, kowa ya ga haka a fuskarsa. Ya ce kare na gona ne da garke, ba na gidan cikin gari ba. Amma da ya dubi ƙanwarsa sai ya sa aka ɗaure karen a gindin bedin nan, wato dai a wurin zamana.

Ba a yi nisa ba halin Duna ya bayyana. Ba ya cizo, haushinsa ma ba shi da yawa. Abin da yake yi shi ne tsalle. Da mutum ya fito daga zaure zai wuce ciki, sai ya taso iyakar tsawon igiyarsa ya miƙe tsaye ya dafa masa ƙirji da ƙafafun gaba, yana haki, yawu na zuba. Idan kuma babur ya wuce ta layinmu, sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya riƙa zagaya bishiyar har igiyar ta nannaɗe ta shaƙe shi. Ya haƙe gindin bedin, ya tauna turken awaki, wuyansa ya saluɓe. A garinmu kuwa babur ba ya yankewa a hanya, don haka kusan wuni yake yi cikin wannan hali.

Kowa a gida ya gwada maganinsa. Yayana, wanda yake haya da babur, nasa maganin bulala ce. Inna ta ce yunwa ce, ta ƙara masa tuwo. Wani maƙwabcinmu ya ce ai karen da ya ga jinin ubangidansa ya riga ya taɓu, ba ya gyaruwa. Aka gajarta igiya, aka yi tsawa, aka watsa masa ruwa. Duk wanda ya yi, sai abin ya ƙaru.

Wata Juma'a aka yi ruwa da hantsi, sararin ya yi caɓi. Baba ya fito cikin farar shadda da ya sa aka goge masa, zai tafi masallaci. Ina kallo ya tattaro babbar rigarsa da hannu biyu zuwa ƙirji, ya raɓa ta gefen katanga yana ce wa karen ya tafi can. Duna ya yi tsalle ɗaya, igiyar ta kai, ya buga masa ƙafafu biyu na laka a gaban riga, ya kuma lashe masa hannu. Baba ya juya. Ya koma ciki ya wanke hannunsa da ƙasa da ruwa, ya sake alwala, ya sake kaya, ya tafi ya tarar an cika har waje. Mutumin da ya saba sahun gaba, ranar nan a bakin titi ya yi salla.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, ya ce ranar kasuwa masu sayen karnuka su kai kudu za su zo, zai sa a kira su. Ya faɗa a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce shi ba zai iya zama a gidansa yana tsoron tufafin sallarsa ba.

Gwaggo tana daga ciki, muryarta kawai muka ji. Ta ce, "Yaya, gidanka ne, yadda ka ce haka za a yi. Sai dai duk abin da ke numfashi a gidan can, shi kaɗai na fito da shi."

 Amma tuwon da aka kai mata da yamma haka aka fito da shi, na safe ma haka. Inna ta shiga ta fita tsakaninsu har Baba ya sassauta. Ya ce to, a bar karen har ranar da za ta fita takaba, don kada a ce ya ƙara mata wani baƙin cikin a kan wanda take ciki. Bayan ranar nan kuwa, in dai halinsa bai canza ba, babu wanda zai sake yi masa maganar. Duk mun san Baba: idan ya yanke, ya yanke.

Akwai abu ɗaya da ni kaɗai na sani, kunya ta hana ni faɗa. Ni Duna bai taɓa yi mini tsalle ba. Kullum ina zaune kusa da shi, wani lokaci har wutsiyarsa na taɓa buhuna, amma ko sau ɗaya bai taso mini ba. Da farko na ɗauka raini ne, don har awakin gidanmu ba sa jin tsorona. Daga baya abin ya tsaya mini a rai. Ni kuwa idan abu ya tsaya mini a rai, ba na iya barinsa sai na ga ƙarshensa. Sai na ajiye karatu a cinya, na koma karanta kare.

Na fara lura da waɗanda yake yi wa tsalle da waɗanda ba ya yi wa. Mai kawo mana ruwa a kura yana shiga yana fita da jarkoki a hannu biyu, Duna ko tashi ba ya yi. Ƙannena mata suna wucewa da tulu a ka, sai dai ya bi su da ido. Inna idan ta fito ba wa awaki dusa, ba ruwansa da ita. Amma Baba, da abokan Baba, da yayana ranar da ya sa manyan kaya, waɗannan ba ya ƙyale su. Na ce ko maza yake ƙi, sai na tuna mai ruwa namiji ne, ni ma haka. Na ce ko farin kaya ne, sai wani baffanmu ya zo da baƙar riga ya sha nasa rabon. Na daɗe ina juya abin. Ranar da na gane, ina kallon yayana ne ya fito zai tafi ɗaurin aure. Yana hango karen, tun kafin karen ya motsa, ya tattaro rigarsa zuwa ƙirji don kada yawu ya taɓa ta. A daidai lokacin kunnuwan Duna suka miƙe, ya tashi.

Ba karen ke fara tasowa sannan a tattare riga ba. Tattare rigar ake fara yi, sannan ya taso.

Na kwana biyu ina tabbatarwa kafin in sami ƙarfin halin zuwa wurin Gwaggo. Na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta, na tambayi ƙarin haƙuri, na yi ta kewaye-kewaye har ita da kanta ta ce, ɗan nan, faɗi abin da ya kawo ka. Na tambaye ta ko marigayi yana da wani wasa da yake yi da karen. Har na fara nadamar tambayar. Sannan na ji ta yi wata 'yar dariya, ta farko tun zuwanta.

Ta ce duk ranar kasuwar Runka sai ya sayo wa Duna ƙashi ko guntun tsire. Idan ya sauka daga babur ba ya ba shi kai tsaye. Sai ya ɓoye a cikin riga, ya tattaro ta ƙirji da hannu biyu, ya tsaya yana kallonsa yana zolayarsa, sai karen ya miƙe ya dafa shi ya nemo da hanci. Tun yana kwikwiyo suke haka. Ta ce sau nawa tana yi masa faɗan wankin riguna, shi kuwa sai ya ce mata ai ita ma da za ta riƙa tarbarsa haka da ya fi sayo mata tsaraba.

Na koma gindin bedi na zauna, na dubi Duna. Ashe duk wannan lokacin, abin da muke yi don mu kare tufafinmu daga gare shi, shi a wurinsa kira ne. Kowane mutum da ya fito daga zauren nan ya tattaro riga, yana gaya masa ne da harshen ubangidansa cewa zo, na kawo maka tsaraba. Ya zo da gudu, sai a tarbe shi da bulala. Ga kuma babur: shi ne sautin dawowar ubangidansa daga kasuwa, shi ne kuma sautin waɗanda suka kashe shi a gabansa. Ina dabba za ta sa kanta? Ni kuwa da bai taɓa yi wa tsalle ba, ba wata baiwa gare ni ba. Ba ni da babbar riga, hannuwana kullum suna ƙasa riƙe da littafi, ba na kallon kowa a ido, ba na ɗaga murya. Kunyar da ake yi mini faɗa a kanta ita ce ta sa ya sami natsuwa a kusa da ni.

Na ari wayar wani abokina na karanta abin da masu kiwon karnuka suka rubuta a kan irin wannan hali. Yawancinsa bai dace da gidanmu ba, amma na tsinci abin da zai yi mini amfani: cewa tsawa da ture kare duk kulawa ce a wurinsa, cewa ba a hukunta tsoro ya tafi, kuma cewa babban kare ma yana koyon sabon abu idan aka nuna masa abin da zai yi a madadin tsohon. Sauran na haɗa da abin da idona ya gani.

Na roƙi Inna wata tsohuwar rigar Baba da ta ƙoɗe. Ta ba ni tana tambaya ko sarauta aka yi mini ba ta sani ba. Na cika aljihuna da ƙuli-ƙuli, na sa rigar tana jan ƙasa, na fito daga zaure na tattaro ta ƙirji. Duna ya taso mini karo na farko, nauyinsa ya kusa kayar da ni. Ban yi magana ba, ban ture shi ba. Na saki rigar, na sauke hannuwa, na juya masa gefe ina kallon katanga. Ya yi ta dafa ni yana nema, bai sami komai ba, har ya gaji ya sauka. Ƙafafunsa huɗu na taɓa ƙasa na jefa masa ƙuli-ƙuli a gabansa. A ƙasa, ba a hannu ba. Wannan ita ce dokar da ban taɓa karyawa ba: duk wani alheri daga ƙasa zai same shi, sama babu komai. Da haka kuma yawunsa bai taɓa hannuna ba, ban ba Baba wani abin magana ba.

Haka muka yi ta yi, safe da yamma. Yayana ya sa mini suna shehin malamin karnuka, idan ya dawo daga aiki sai ya tambaye ni ko ɗalibina ya kusa sauka. Ban kula shi ba, don ina bukatar babur ɗinsa. Na lallaɓa shi da wanke masa babur ɗin, shi kuma ya yarda ya riƙa tayar da shi can ƙarshen layi a lokacin da nake ba Duna abinci. Da farko ko kallon kwanon ba ya yi, sai rawar jiki. Nakan zauna kusa da shi in ci gaba da karatuna a bayyane, da murya ƙasa-ƙasa, duk abin da ke cikin littafin, ko labarin ƙasa ne ko lissafi. A hankali ya fara ci yana rawa, daga baya ya ci ba rawa. Sai mu matso da babur ɗin kaɗan. Ranar da na yi gaggawa na sa aka shigo da shi har zaure, Duna ya koma kamar ranar da ya zo, sai da muka sake komawa ƙarshen layi.

Na kuma cire masa igiyar da ta ci masa wuya, na yi masa abin wuya da tsumman zane mai laushi, na ɗaura shi sako-sako don ciwon ya warke. Da sassafe nakan ja shi mu zagaya bayan gari, ba ma nisa saboda halin da ake ciki. Idan ya yi tafiya ya shaƙi ƙasa, wunin nan yakan yi barci. Lokacin da gero ya fara fitar da kai, zan iya fitowa daga zaure da riga a ƙirji, Duna ya tashi, ya yi kamar zai zo, sai ya zauna yana kallon ƙasan gabansa yana jira.

Amma da ni kaɗai yake haka. Da wasu, wata rana ya zauna, wata rana ya manta, domin su ba su daina abin da suke yi ba. Na gaya wa Inna, na gaya wa yayana, suka gwada suka ga gaskiya ne. Saura Baba. Ta yaya zan tsaya gaban mahaifina in ce masa yadda yake riƙe rigarsa ne ke jawo abin? Sau da yawa nakan je har bakin turakarsa in gaishe shi in dawo da maganar a bakina. Inna ta taɓa gwada faɗa masa, ya ce shi ba zai sake tafiyarsa a gidansa saboda kare ba. Tun daga Juma'ar nan ma ya koma bin ƙaramar ƙofar baya, bai sake bi ta gaban Duna ba, don haka bai ga komai daga abin da ya canza ba. Ranar kuwa tana ta matsowa.

Ranar fitar takaba aka shirya addu'a da hantsi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zo, abokan Baba suka zo, dangin marigayi da suka warwatsu a Safana da Wagini su ma suka yi ta isowa, kowa cikin manyan kaya. Ni dabarata ranar nan ƙarama ce: Duna ya wuni a ɗaure, kada kowa ya gan shi, in ya so daga baya in nemi wanda zai roƙa mini Baba. Babura suna ta tsayawa a waje, yana kwance yana ɗaga kunne kawai. Na ji daɗi, na tashi na ɗauki butoci zan kai wa baƙi.

Ina cikin zaure na ji wani babur daga nesa, mai fasasshiyar salansa, ƙararsa daban da ta sauran. Ban san shi ba, amma Duna ya san shi. Wani irin kuka na ji a bayana wanda ban taɓa jin ya yi ba, kafin in juya ya zare kansa daga tsumman da na ɗaura masa sako-sako, ya wuce ta tsakanin ƙafafuna kamar an harba shi.

Ƙanin marigayi ne ya iso. An raba gado, babur ɗin wansa ya faɗo a rabonsa, haka ma rigunansa. Ranar nan kuwa, don girmama addu'ar, ya sa shuɗiyar rigar da marigayi yake zuwa kasuwa da ita.

Na fito na tarar da ƙofar gida ta hargitse. Dattawa suna ta miƙewa daga tabarmi, kowa ya tattaro rigarsa zuwa ƙirji, ana ta a'uziyya. Liman, tsoho ne mai sanda, ya kasa tashi. Yayana ya riga ya sunkuya yana neman dutse. Duna ya ratsa tsakiyarsu bai kalli kowa ba, ya nufi mutumin da ke saukowa daga babur, wanda shi ma ya cukuikuye shuɗiyar rigar da hannu biyu a ƙirji yana ja da baya. Babur ɗin ubangidansa, rigar ubangidansa, tsayuwar ubangidansa. Duk abin da na koya masa a gindin bedi, a kan tsohuwar riga da ƙuli-ƙuli ne. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ya yi wata da watanni yana jira.

Har yau ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ji kaina ina cewa, a gaban liman da Baba da manyan unguwa, "Ku saki rigunanku. Don Allah kowa ya saki riga ya sauke hannu. Baffa, saki rigar, ka juya gefe, kada ka kalle shi."

Aka juyo ana kallona. Wasu a cikinsu ranar nan suka fara jin muryata. Ba wanda ya motsa. Sai Baba, da ke tsaye kusa da liman da rigarsa a dunƙule a ƙirji, ya dube ni, ya buɗe hannuwansa. Farar shaddar ta zube har ƙasa.

Ya ce, "Ku yi abin da ya ce."

Riguna suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙanin marigayi ya saki tasa ya juya gefe, idonsa a rufe. A lokacin Duna ya riga ya iso, ƙafafunsa na gaba sun riga sun bar ƙasa. Na gan shi a tsaye a kan ƙafafun baya, tsakaninsa da ƙirjin mutumin bai kai taki ba, duk jikinsa yana karkarwa. Ya tsaya haka a sama, ba abin da ya riƙe shi, ba igiya, ba bulala, ba hannun kowa. Sannan a hankali, kamar mai sauke kaya masu nauyi, ya dawo da ƙafafunsa ƙasa. Ya zauna. Ya dubi ƙasan da ke gabansa.

Wurin ya yi tsit, har ina jin injin babur ɗin yana ƙas-ƙas yana hucewa. Na matsa na jefa masa ƙuli-ƙuli kamar yadda muka saba. Karo na farko bai ci ba. Ya miƙa wuya ya shinshina bakin shuɗiyar rigar inda take jan ƙasa, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya ɗaga kai ya dubi fuskar mutumin. Na rantse na ga lokacin da ya gane ba shi ba ne. Kunnuwansa suka kwanta. Bai yi haushi ba, bai gudu ba. Ya kwanta a wurin, ya ɗora haɓarsa a ƙasa kusa da takalmin mutumin, ya yi wani dogon numfashi.

Ƙanin marigayi ya buɗe ido ya dube shi, sai ya rufe fuska da hannun riga. Daga baya ya gaya mini ya san wasan da wansa yake yi da karen sarai, ya sha gani, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ma abin da yake yi ke nan ba. Liman ya yi ta tasbihi. Da aka koma aka zauna, kafin ya buɗe addu'a, ya ce shi dai yau ya ga dabba ta danne abin da ranta ya fi so a duniya, mu da aka ba hankali sai mu duba namu. Na kira Duna a hankali, ya tashi ya biyo ni ta gefen tabarmi, bai taɓa kowa ba.

Gwaggo tana tsaye a bayan ƙyauren zaure, ta ga komai. Ranar ce ta farko da ta sa kaya masu launi. Ba ta yi kuka ba sai da muka zo wucewa, ta ce, "Ya ɗauka shi ne, ko?" Na ce e. Ta ce ita ma da ta ji ƙarar babur ɗin sai da ta miƙe.

Bayan baƙi sun watse ina zaune a gindin bedi, ban san wanne Baba zai fara da shi ba, karen da ya tsinke a gaban baƙinsa ko ɗan da ya ɗaga murya a gaban dattawa. Sai ga shi ya fito ta zaure, hanyar da ya daina bi. Rigarsa a sake take tana jan ƙasa, hannuwansa a ƙasa, yana riƙe da ƙashi daga naman sadaka. Duna ya tashi, ya dube shi, ya zauna. Baba ya tsaya ya tambaye ni, ba tare da ya kalle ni ba, ko a ƙasa ake jefawa. Na ce e, Baba. Ya jefa. Ya ɗan tsaya yana kallon karen yana ci, sannan ya ce gobe in je kasuwa in nemo masa abin wuya na kirki, wannan tsumman ba ya riƙe komai. Ya wuce ciki. Maganar masu sayen karnuka ba ta sake tashi ba.

Duna ya rayu a gidanmu wasu shekaru, ya mutu da tsufa a gindin bedin nan ina makaranta a Katsina. Gwaggo ce ta sa aka kira ni a waya don ta gaya mini da bakinta. Bai zama wani kare na daban ba, har ƙarshe idan babura suka yi yawa a layi yakan tashi ya nemi inda mutum yake ya raɓa. Amma bai sake dafa kowa ba.

Na yi karatu bayan haka, na zauna gaban malamai da yawa, amma abin da na koya a ƙofar gidanmu ranar nan yana nan daban. Mun yi wata da watanni muna dukan dabba a kan amsa kiran da mu da kanmu muke yi mata ba mu sani ba, muna kiran kewarta mugun hali. Tun daga lokacin, idan na ga wani, mutum ko dabba, yana maimaita abin da ke ɓata wa kowa rai, ba na fara tambayar yadda za a hana shi. Nakan fara tambayar me yake nema, me ya faru da shi kafin ya iso gare ni, sannan in dubi hannuwana in ga ko ni ne na tattaro riga.